Shekarar da sallah ta zo mana sau uku: in gaya wa Inna na san abin da ta ɓoye?

Ta Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako biyu ke nan wata magana ta tokare min ƙirji, kuma duk wanda zan gaya wa a gidanmu abin ya shafe shi, shi ya sa na kawo muku ita. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Mu huɗu Inna ta haifa: Yaya, sai ni, sai ƙanwata, sai autanmu namiji. Babanmu ya rasu a tsakiyar 1999, ina da shekara tara. Bai bar gida ba, bai bar jari ba, ɗaki ɗaya muke haya. Abin da Inna ta mallaka a duniya shi ne keken ɗinkinta na ƙafa, baƙi, wanda fentinsa ya koɗe daidai inda take ɗora tafin hannu. Da shi muke ci, da shi ake biyan haya, hannu baka hannu ƙwarya.

Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna da shekarar 2000. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, kullum sallah matsowa take yi, to a wannan shekarar sai ƙaramar sallah ta zo sau biyu, abin da sai kusan bayan shekara 33 ake sake gani: ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, ga babbar sallah a tsakiyar Maris. Sallah uku cikin wata 12. Mu yara daɗi kawai muka ji. Ko sau ɗaya ban taɓa tunanin abin da wannan lissafi yake nufi ga matar da ba ta daɗe da fita takaba ba, ga marayu huɗu sun zuba wa hannunta ido.

A ta Janairu akwatin Baba ta buɗe. Ta ciro rigunansa biyu, ta warware ɗinkin, ta yanka wa Yaya da auta riga da wando. Ni da ƙanwata kuwa zanenta ta yanka mana, wani kore mai ɗigon fari da mahaifiyarta ta bar mata, wanda ba ta ɗaurawa sai da babban dalili. Da ta sa mana sai ta ce, "Ku duba da kyau, duk inda kuka je yau ba za ku ga mai irin yadin nan ba, ko a kasuwa babu shi." Kuma ba ƙarya ta yi ba, yadin ya girme mu duka. Ranar ji nake babu wadda ta kai ni.

Tsakanin ƙaramar sallah da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, ba inda za ta samo sabo. Kayan dai su ne, amma ta cire maɓallan ta sa wasu daga gwangwanin da take tara su, ta ɗora wa rigar Yaya aljihu, ta bi bakin tawa da siririn farin ƙyalle. Na san rigar ce, amma ban ji tsohuwa na sa ba.

Kayan ma ba su ne suka fi zama min a rai ba. Ranar jajibere Inna takan fitar da komai na ɗakin waje, mu share, mu goge, ta wanke labule, sannan ta mayar da gado jikin wani bangon, ba wanda yake a da ba. Ɗakin nan ne dai guda, amma sai mu kwana kamar mun tare a sabon gida. Bayan isha'i ta jera mu a jikin ƙyaure, ta ɗora wa kowa tafinta a ka, ta ja layi da ƙusa, mu ga tsawon da kowa ya ƙara tun sallar baya. Auta yakan yi ɗage, ta yi kamar ba ta gani ba. Da asuba kowa ya ɗaga matashinsa ya tarar da wani abu: fensir, ko ƙwallon da ta cusa da ƙyallaye, ko 'yar tsanar da ta ɗinka. Ni na taɓa samun littafin rubutu da ta haɗa da kanta. Shafukan da ba a rubuta komai a kai ba ta yago daga tsofaffin littattafan Yaya, ta ɗinke su da zare, ta yi musu bango da kwali, ta rubuta sunana a gaba. Idan ta zuba mana abinci kuwa muka ce, Inna ke fa, amsarta ɗaya ce: "Ni na ci tun a bakin murhu." Na yi shekaru ina ɗauka duk mai girki a bakin murhu take ƙoshi.

Sai ta Disamba. Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi muka dawo daga makaranta muka tarar da wajen keken wayam, sai sawun ƙafafunsa a ƙasa. Ta ce an kai shi gyara. A goman ƙarshe ta shigo da sabon yadi, na farko da muka gani tun rasuwar Baba, ta ɗinka mana mu huɗu da allura da zare. Sai mun kwanta take farawa. Ni nakan yi likimo ina leƙenta ta ƙasan bargo: ta rage fitila don kada haske ya tashe mu, ta matso da yadin dab da idonta, ta naɗe ɗan yatsanta da ƙyalle saboda sukar allura. Wani daren har lokacin sahur tana zaune. Keken bai dawo ba. Ta koma wankau da guga, mu ma muka gaji da tambaya muka bari.

Mako biyun da suka wuce ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, ta zo min kwana, hira ta kai mu can baya. Ita ta gaya min ashe kuɗin haya ne ya taru har mai gidan ya ba da wa'adi. Inna ta sayar da keken, ta biya haya, ta biya kuɗin makarantar Yaya, ɗan abin da ya rage ta sayi yadin nan. Inna Ƙarama ta ce har faɗa ta yi mata, ta ce ki riƙe canjin nan ki ja jari, yara su maimaita na baya. Inna ta ce mata, "An ɗauke musu uba, an ɗauke keke, ba zan bari su tashi su tarar an ɗauke sallar ma ba." Sannan ta roƙe ta kada mu ji.

Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi, ta doshi 60, idonta ya yi rauni. Mun tsaya mata daidai gwargwado, ba ta rasa komai ba. Amma rigar Disamban nan tana cikin akwatina, kuma tun da na ji labarin kullum sai na ciro ta. Tambayata ita ce: in je in gaya mata na sani, in yi mata godiyar da ta dace da girman abin, ko in bar mata sirrinta yadda ta binne shi fiye da shekara 20? Ina tsoron in yi shiru har ta tafi, ina kuma tsoron in kunyata ta. Kuma don Allah wanda tasa mahaifiyar ta yi irin wannan ya ba mu labari, ko na ji sanyi.

Baban 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya saka wa Inna da Aljanna. Ki je ki gaya mata, kuma kada ki jira wata sallar. Zan faɗa miki dalilina, ko da yake ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Ina aji biyar a firamare Ummanmu ta kasa saya min takalmin sallah. Sai ta ɗauki na yayana da ya yi masa kaɗan, ta kai aka ɗinke inda ya ɓare, ta wanke shi, ta goge shi da mai har yana ƙyalli, ta sayo sabuwar igiya ta zura. Da yake ya yi min yawa, ta cusa auduga a gaba. Da safe ta ajiye min shi a bakin ƙofa a kan farar takarda, kamar yanzu aka fito da shi daga kwali, tana tsaye tana murmushi tana jiran ta ga fuskata. Ni kuma na san an saya wa abokaina biyu sababbi. Na shure shi da ƙafa, na ce ba zan sa ragowar wani ba, na ce kullum mu ne a baya. A gaban ƙannena na faɗa.

Ba ta dake ni ba, ba ta ce uffan ba. Ta sunkuya ta ɗauko shi, ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ta sake ajiye shi a kan takardar, ta koma ɗaki. Daga baya na sa shi na fita, kafin azahar na manta da maganar.

Na girma, na fara aiki, na saya mata abubuwa da yawa, kullum ina cewa wata rana zan zauna a gabanta in ba ta haƙuri a kan takalmin nan. Nauyin baki ya hana ni. Ta rasu a 2011, ina kan hanya ban iso ba. Yanzu addu'a ce kawai ta rage min, ina yi mata ta ƙarshen aya ta 24 a Suratul Isra'i bayan kowace sallah, amma ba na jin amsarta da kunnena. Ke taki tana ji, tana iya ce miki "ba komai". Wallahi da ana sayar da wannan "ba komai" ɗin, da duk abin da na mallaka zan saya.

Uwar Marayu Uku:

Ƙanwata, ni daga ɗaya ɓangaren zan yi miki magana, don abin da Innarku ta yi a 2000 shi nake ciki yanzu. Shekara huɗu da rasuwar maigidana, ya bar min yara uku. Baban 'Yan Biyu, Allah Ya jiƙan Umma, kuma ka kwantar da hankalinka, uwa ba ta ajiye irin wannan a ranta, tun kafin ka gama ɗaura igiyar ta yafe. Amma naka daban, nata daban. Kai laifi ka yi kake son neman gafara. Ita sirri ta ji wanda aka ce kada ta ji.

Bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki. Tun watan Rajab nake fara shiri, wata biyu kafin azumi, lokacin kaya ba su tashi ba, aiki bai yi wa teloli yawa ba. Ɗaya-ɗaya nake saye, yau hular wannan, wani makon takalmin waccan, in tura ƙasan akwati. Komai sai na saye shi ya ɗan fi yaron girma, don ya kai shi babbar sallah har ya wuce. Akwai asusun da nake jefa canjin cefane, yaran sun ɗauka na kuɗin makaranta ne. Duk wannan wahalar ba ta dame ni ba. Abu ɗaya ke hana ni barci: kada babbar 'yata ta gane. Shekararta 11, ta fara lura. Bara ta ce min, "Mama, ni kada ki ɗinka min, nawa bai tsufa ba." Mutane za su ce yarinyar kirki, kuma haka ne, amma ni zagayawa na yi na sha kuka, don na ga na kasa. Abin da nake ta fama in tsare mata ke nan, ta ci yarintarta ba da lissafi a ka ba.

To Innarku ta sami abin da nake nema. Kun yi sallah uku kuna murna, ba wanda ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Wannan shi ne abin da ta saya da kekenta, ba yadi ba. In kika je kika ce, Inna na san kin sayar, kina iya mayar da ita ranar da mai gidan haya ya tsaya mata a ƙofa, kuma kin haɗa ta da ƙanwarta da ta ba amana.

Akwai hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, yana cikin Bukhari da Muslim. Wata mata ta zo mata da 'ya'ya mata biyu tana neman taimako, ba a sami komai a ɗakin ba sai dabino ƙwaya ɗaya. Matar ta raba shi biyu ta ba yaran, ita ba ta ci ba, ta tashi ta fita. Da Annabi (SAW) ya ji labarin, ya yi bushara cewa wanda aka jarrabe shi da 'ya'ya mata ya kyautata musu, za su zame masa kariya daga wuta. Abin da kullum nake lura da shi a labarin nan, matar ba ta tsaya jiran a yaba mata ba. Ki gode wa Inna, ki yi ta gode mata, ki ambaci rigar, ki ambaci layin ƙusa da littafin nan. Keken dai ki bar mata shi a wajen gyara.

'Yar Maƙwabta:

Sannu 'yar'uwa, kin sa ni hawaye. Mu Kirista ne, kuma ina tuna Disambar 2000 sarai, don kwana biyu ko uku ne tsakanin Kirsimeti da sallarku. Namu bikin ba ya matsawa, kullum 25 ga Disamba ne, amma wahalarsa ga iyaye ita ce kuɗin makaranta na Janairu yana tsaye a bayansa. Mamanmu shara take yi a wani ofis. Takardun da za a zubar take roƙa ta kawo gida, mu zauna da almakashi mu yanka taurari da sarƙoƙi, mu liƙa, mu rataye daga taga zuwa ƙofa. Kyautar kowa a naɗe take zuwa cikin tsohuwar jarida, ko da sabulu ne ko safa, kuma sai ta rubuta sunanka a kai da kyakkyawan rubutu. Da kika ambaci littafinki mai suna a gaba sai da gabana ya faɗi. A gidan da komai na kowa ne, ka ga abu ɗauke da sunanka kai kaɗai.

Shawarata tana tsakanin ta mutum biyun da suka riga ni. Kada ki kai mata labari, ki kai mata tambaya. Ni da na girma na ce, "Mama, yaya kika yi a shekarun nan?" Sai na yi shiru. Ranar farko ta ce Allah ne Ya yi, ta sauya zance. Bayan kamar wata biyu, muna ninke wanki, ita da kanta ta ɗauko maganar, ta ce sau uku tana jinginar da zobenta saboda mu, sau biyu ta karɓo. Da na riga ta faɗa, da na ƙwace mata labarinta. Ki share mata hanya kawai, in tana so za ta biyo.

Tsohon Tela:

'Yata, ni ba zan sa baki a kan faɗa ko shiru ba, amma na haura shekara 30 a kan keke, bari in gaya miki abin da ke cikin akwatinki. Layin da keke zai zuba kafin ki ƙifta ido sau goma, hannu sai ya daɗe a kansa in ana so ya yi ƙarfi, don kowace suka sai allura ta yi gaba ta dawo baya. Juya rigar ki duba cikinta. In kin ga ta ciki zaren yana hawa kan juna ba yankewa, ta waje kuma ya jeru kamar na keke, to ɗinkin komawa baya ta yi, wanda ya fi kowanne cin lokaci da cin ido, kuma shi ne ba ya saurin warwarewa. Kayan mutum huɗu cikin dare goma, ga azumi da rana, a hasken fitilar da aka rage: ni da nake sana'ar ba zan karɓi aikin ba. Kada ki ajiye rigar a leda, tana riƙe danshi yadi ya yi fumfuna. Ki naɗe ta a farin ƙyallen auduga, nesa da rana, ki riƙa fito da ita tana shan iska.

Ta Biyu:

Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Baba Tela, na juya ta, yadda ka faɗa haka yake tun daga wuya har ƙasa, kuma na cire ta daga leda. Baban 'Yan Biyu, saboda maganarka ban bari an kwana biyu ba. Anti Uwar Marayu, saboda taki ban ambaci keke ba. Allah Ya raya miki su, Ya sa su share miki hawaye.

Jiya na je. Na tafi da rigar 'yata da ta ɗage mata, na ce Inna ki koya min sakin kalmasa da hannu, ban iya ba. Ta karɓi allura ta yi ta neman kafar ba ta gani, na karɓa na zura mata zaren. Muna cikin yi na ciro tawa rigar ta Disamba daga jaka na ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana shafa ta. Ta juya cikin, ta bi ɗinkin da farce, ta tsaya a hannun hagu ta ce a nan zare ya ƙare mata ta ƙarasa da wani launi. Ni ban taɓa lura ba. Na ce, Inna yaya kika yi a shekarar nan? Ta ce Allah ne Ya yi. Na ce na gode, na sake cewa na gode, daga nan murya ta ƙi fita.

Sai ta ce, "Ke ai ba barci kike yi ba a dararen nan. Numfashin mai barci daban yake. Na ƙyale ki ne don kina taya ni zama."

Maganar keke ba ta ɗauko ba, ni ma ban ɗauko ba. Rabin kalmasar muka yi aka kira magariba. Ta ce in bar rigar a wajenta in dawo ranar Asabar mu ƙarasa, in zo da yarinyar a gwada mata a jiki. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta ce in taho da ƙusa.